Babban fili a bayan gari, bene a gidan gado, ko ɗan fuloti kusa da aiki?

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Kano, shekarata 36, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Ina aiki a wani kamfani a Sharaɗa, albashina naira dubu 230 a wata. Maiɗakina tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Ɗorayi, inda muke haya, ana biyanta dubu 45. Tun da muka yi aure muke yawon gidajen haya. Bana mai gidan ya aiko cewa daga dubu 600 ya koma dubu 900, in ba zan iya ba akwai mai so.

Da adashi da ɗan tsimin da nake yi na tara miliyan huɗu da rabi. Ita kuma ta ce za ta sayar da gwal ɗinta, zai kai kamar miliyan biyu, mu haɗa. To a nan kaina ya ɗaure. Wani dillali ya nuna min fili babba, ƙafa 50 da 75, can gaban Jogana a hanyar Gezawa, miliyan biyu da dubu ɗari biyu. In na saya, ragowar kuɗin zai kai ni ga rufa ciki da falo mu tare, mu huta da haya. Akwai kuma wani ɗan ƙarami a Gaida, ƙafa 25 da 50, awon igiya, miliyan biyar da rabi. In na saye shi kusan ba abin da zai rage na gini. Ita kuma Hajiyarmu cewa ta yi duk in bar wannan, in zo in ɗora bene a gidanmu na cikin gari, wanda mahaifinmu ya rasu ya bari, ba a raba ba har yau. Mu tara ne, mata biyar. Maiɗakina ba ta ce komai ba a gaban Hajiya, amma na san ba ta so. Abokina ya ce in nemi bashin gida a banki, ni kuma ina tsoron riba. Sa'o'ina duk sun mallaki muhalli, har nauyin zama cikinsu nake ji. Malam, ina mafita?

Abban Ilham, Kano

Wa alaikumus salam, Abban Ilham. In ni ne kai, ɗan ƙaramin na Gaida zan bi, in har bincike ya wanke shi. Ba zan sayi na gaban Jogana da niyyar zama ba, kuma ba zan ɗora bulo ko ɗaya a gidan da ba a raba ba. Wannan ita ce hanyar da ta fi tsawo cikin ukun, kuma za ka ci gaba da biyan haya na wani lokaci, wanda na san shi ne abin da ba ka son ji. Ga dalilaina.

Mu fara da babban filin, tunda shi ne ya fi jan ranka. Na gane haka daga yadda ka rubuta "mu huta da haya". Ka ɗauki takarda da biro. Kana Ɗorayi yanzu, Sharaɗa na maƙwabtaka da kai. Jogana kuwa tana ɗaya gefen birnin, sai ka keto Kano gaba ɗayanta safe da yamma: ka fito titi daga inda filin yake, ka hau mota zuwa Yankaba, ka sake hawa zuwa cikin gari, ka sake neman Adaidaita Sahu zuwa Sharaɗa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 ka san yadda kuɗin mota ya koma. Mu ƙaddara ƙarin da za ka riƙa kashewa a kan na yanzu naira 2,500 ne a rana, zuwa da dawowa. Ka ninka sau 26, dubu 65 ke nan a wata, dubu 780 a shekara. Ka ga hayar da ka guda ta biyo ka, sai dai yanzu direbobi kake biya kullum maimakon mai gida sau ɗaya a shekara. Idan da babur kake zuwa, lissafin mai da gyara da haɗarin titi ba zai yi nisa da wannan ba.

Sannan aikin maiɗakinka ya tafi. Ba wadda za ta ɗauki dubu 45 ta riƙa zuwa Ɗorayi daga can, kuɗin motar ma ya cinye shi. Dubu 540 ke nan a shekara suka fita daga gidanka. Wataƙila ta samu wata makarantar a kusa, amma makarantun sabbin unguwanni ba sa biyan abin da na cikin gari ke biya. Ga yara uku da za a sauya wa makaranta da islamiyya. Ga ruwa: in babu rijiya ko burtsatse a kusa, ginin ma da ruwan saye za ka yi shi, kuma mai garuwa yana ƙara kuɗi gwargwadon nisan da ya turo kura. Ga wuta: a sabuwar unguwa mazauna ne ke karo-karo su sayi turaku da waya, wani lokaci har da taransifoma. Ga dare: ka tashi aiki ƙarfe shida, ka isa gida bayan isha, matarka da yara ƙanana su kaɗai a tsakanin kangaye da gonaki. Idan naƙuda ko zazzaɓin yaro ya taso ƙarfe biyun dare, wane maƙwabci ne mai mota?

Ma'aikatan Abuja da suka koma Mararraba da Masaka da Suleja saboda sauƙin muhalli sun san wannan lissafin, domin da yawansu tun asuba suke kan hanya. Su dole ce ta sa, kai kuwa kana da zaɓi.

Dillalin zai ce maka, ai Rijiyar Zaki ma da gonaki ce, Ɗanbare ma haka, dubi yadda suka koma. Gaskiya ya faɗa. Kano tana faɗaɗa, kuma filin gaban Jogana zai yi daraja. Amma waɗanda suka ci ribar irin wannan mutane ne da suka sayi fili suka manta da shi, suna zaune a wani gidan, ba su damu da ko shekara goma zai yi ba. Wannan ajiyar dukiya ce. Kai wurin kwana kake nema wa iyali biyar da ke da wurin zuwa kowace safiya. Ran da Allah ya hore maka bayan ka tare a naka, sayi irinsa guda biyu ka ajiye wa yara.

Sai maganar Hajiya, kuma ita ce ta fi buƙatar a bi a hankali. Ba da mugun nufi ta faɗa ba. Uwa ce da ke son ta riƙa jin motsin ɗanta da jikokinta, kuma a ganinta ga gida a tsaye, me zai sa a je a sayi ƙasa. Amma gidan nan ba nata ba ne ita kaɗai, ba naka ba ne. Tun ranar da mahaifinku ya rasu ya zama na magada: ita tana da tumuninta, ragowar naku ne ku tara, namiji rabon mata biyu. Ba wanda ya san wane ɗaki ne zai faɗo a kasonsa. Idan ka zuba miliyan shida a saman ginin, ka zuba ne a kan ƙasar mutum goma. Yau kowa zai ce ba komai, ai ɗan'uwanmu ne. Amma rabon gado ba a yin sa da mutanen yau kaɗai. Akwai mazajen 'yan'uwanka mata, akwai 'ya'yan wanda zai riga wani rasuwa, akwai wanda talauci zai matsa ya ce a sayar a ba shi nasa. Ran da aka je gaban alƙali, kai ne za ka koma kana neman shaidu da rasiɗan siminti na shekarun baya don ka nuna benen da kuɗinka aka yi. Ko an yarda, ƙimar da za a yi masa a lokacin ba lalle ta kai abin da ka kashe ba, kuma ba za ka iya ɗauke shi ka tafi da shi ba. Kotunan shari'a na Kano cike suke da irin wannan rigimar, tsakanin mutanen da uwa ɗaya ta haifa.

Akwai kuma tambayar da ba wanda ya yi: ginin ƙasan zai ɗauki bene? Yawancin tsofaffin gidajen cikin gari ba a yi musu harsashin ɗaukar sama ba, wasu ma ginin ƙasa ne aka yi wa rigar siminti. Kafin a ɗora komai sai an tona an zuba ginshiƙai, wannan kaɗai zai ci kaso mai yawa na kuɗinka.

Shirun maiɗakinka kuma amsa ce. Ta yi kara, ba ta musa wa surukarta ba, wannan tarbiyya ce, kada ka ɗauke ta a matsayin yarda. A shari'a muhalli haƙƙinta ne a kanka gwargwadon ƙarfinka, kamar yadda aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, kuma malaman Malikiyya sun yi bayani cewa a asali mace tana da damar ƙin a haɗa ta zama da dangin miji, sai in an yi sharaɗin haka tun wajen aure. Macen da ta yi shekaru tana tafiyar da gidanta, ka mayar da ita tsakar gida ɗaya da faccaloli da 'yan'uwan miji masu zuwa kullum, kicin a jere, igiyar shanya ɗaya, mitar wuta ɗaya, faɗan yara ya zama faɗan manya, kuma da kuɗin gwal ɗinta aka yi ginin. Mutuncin da ke tsakaninta da Hajiya yanzu, tazarar nan tana cikin abin da ke tsare shi.

Yadda za ka faɗa wa Hajiya shi ne aikin. Kada ka ambaci sunan matarka ko sau ɗaya, domin in Hajiya ta ji ƙamshin cewa daga ita ne, kai za ka manta, su biyun ba za su manta ba. Ka ɗora abin a kan gado. Ka same ta ita kaɗai, ko ka tafi da baffanku ko kawun da take jin maganarsa, ka ce: "Hajiya, gidan nan akwai haƙƙin su Yaya da ƙannena a ciki. Ina tsoron in yi gini yau, gobe ya zama sanadin ɓacin zumunci, ko in ci haƙƙin wani ban sani ba." Uwa ba ta son abin da zai raba kan 'ya'yanta, za ta fahimci wannan fiye da kowane lissafin kuɗi. Sannan ka yi mata abin da za ta gani da ido: in ɗakinta na yoyo ka sauya kwanon, in banɗakinta na buƙatar gyara ka gyara, da kuɗin da ka san kyauta ka yi, ba za ka taɓa tayar da zancensa ba. Ka tsayar da rana a mako da yara za su wuni wurinta. Daga Gaida wannan mai yiwuwa ne, daga gaban Jogana sai dai a sallah.

Kada kuma ka zama kai ne mai tayar da maganar a raba gidan yanzu don ka samu kuɗin gini. Malamai suna kwaɗaitar da gaggauta rabon gado, kuma da gaskiyarsu, amma in daga bakinka ta fito a wannan lokacin, sunan da za a ba ta shi ne kana so ka tashi Hajiya. In wani ya kawo ta nan gaba, ka san cewa kasonka yana nan, kuma 'yan'uwanka ne suka fi cancantar su saye shi kafin bare, abin da fiƙihu ke kira shufu'a.

To, mu zo Gaida. Tana kan hanyar Panshekara, kusa da Sharaɗa, kuma ba ta yi wa Ɗorayi nisa ba. Aikinka, aikinta da makarantar yara duk za su tsaya yadda suke. Wannan ne abin da kake saye da ƙarin miliyan uku da 'yan kai. Amma kalmar "awon igiya" da ka rubuta tana nufin sai ka buɗe ido sosai. Fili ne da mai gona ya yanka da kansa ba da tsarin gwamnati ba. Rabin Kano a irinsa take zaune, don haka ba abin gudu ba ne, sai dai ka san matsayinsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma takardar da mai unguwa da dagaci suka sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki, ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba. Idan aka karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kai. Ka tuna rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a tsohon otal ɗin Daula da filin Idi da wasu wuraren: gine-gine ne na miliyoyi masu yawa, kuma tushen rigimar shi ne asalin filin. Saboda haka tambayarka ta farko ita ce, wannan wurin na wane ne tun asali, kuma ba a ware shi don makaranta, maƙabarta, kasuwa ko hanya ba?

Ka biya mai safiyo ya ɗauki lambobin wurin, ka kai a duba maka a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Kano, da ma'aikatar ƙasa, ka kuma tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ko akwai titin da aka tsara zai bi ta nan. Ka ɗaga kai ka duba sama: in babbar wayar wuta ta ratsa kusa, ka sani ana barin fili a ƙarƙashinta da gefenta wanda ba a yarda a yi gini ba. Ka koma unguwar ba tare da dillali ba, ka yi sallar la'asar a masallacin layin, ka zauna da dattawan da ke kan dakali, ka tambayi filin wane ne, sau nawa aka sayar da shi, an taɓa rigima a kansa. In na gado ne, sai duk magada sun sa hannu, har matan da ke gidajen aurensu, ko a nuna maka takardar rabon gado daga kotu. Ka zo da tef ɗinka ka auna da hannunka, domin 25 ɗin dillali wani lokaci 22 ce. Ka duba faɗin layin: mota za ta shiga? Tifar yashi fa? In ba za ta shiga ba, kowane kaya sai ka biya 'yan dako.

Sai ruwa. Fili ba ya faɗar gaskiya da rani. In ciniki zai iya jira, ka je ka gan shi a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi. In ba zai jira ba, bangon maƙwabta zai gaya maka. Ka duba ƙasan katangu: in ka ga zane mai duhu ya kai gwiwa, fulasta ta kumbura tana zubowa kamar gari, ko kowane gida ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu ya jera buhunan yashi, ruwa na kwana a layin. Ka tambaya ko tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Irin wannan wurin harsashinsa kaɗai zai ci kuɗin ɗaki guda, kuma bango zai riƙa tsagewa.

In komai ya yi daidai, kuɗi ta banki za ka tura, zuwa asusun mai filin da sunansa, ba na dillali ba. A gama maganar la'ada kafin a yi sallama. Lauya ya rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya shaida. Cikin makon nan ka zuba yashi, ka ja bulo ko layi uku ne a kan iyakokinka. Filin da aka bari ba alama shi ake sayar wa mutum biyu.

Ƙafa 25 da 50 ƙarami ne, ba na musu. Amma yana ɗaukar ɗaki biyu da falo, kicin, banɗaki da 'yar tsakar gida in an zana shi da kyau. Ka biya wanda ya san aiki ya zana maka, ka nemi izinin gini, kuma ka sa a yi harsashin da zai ɗauki bene nan gaba ko da ba ka da niyya yanzu. Sama ita ce filinka na biyu. Abu ɗaya da ƙanƙantar za ta hana ka: rijiyar sha. Masana lafiya suna son a bar aƙalla mita 15 tsakanin rijiya da ramin masai, kai kuwa tsawon filinka gaba ɗaya kusan mita 15 ne, ga na maƙwabta a jikin katanga. In ka haƙa, ta wanki da gini ce.

Yanzu kuɗin gini. Ba zan ce maka shekara ɗaya ba. Buhun simintin da ake saye ƙasa da dubu biyar a farkon 2023 ya haura dubu goma a farkon 2024, kuma a ƙarshen 2024 ɗin hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma. Darasin da ke ciki shi ne kuɗin gini ba a ajiye shi a asusu. Duk kwasar adashin da ta zo hannunka, ka mayar da ita kaya ko aiki a makon. Rodi da kwano da ƙofofi suna ajiyuwa, in kana da inda za ka kulle su. Siminti ba ya ajiyuwa, 'yan watanni kaɗan ya fara dunƙulewa, don haka sai ranar aiki. Bulo kuwa gara ka sayi siminti da yashi a buga maka a gabanka, a yi ta ba shi ruwa har ya yi ƙwari. In na kasuwa za ka saya, ka kankare gefensa da ƙusa, in yana zubowa ka bar musu kayansu. Ka yi jinga da magini mataki-mataki: harsashi, zuwa linta, rufi. Kada ka biya kuɗin matakin da ba a fara ba, ko da ɗan'uwanka ne, musamman ma in ɗan'uwanka ne.

Kuma kada ka jira gida ya kammala. Katanga da ƙofa mai ƙarfi, masai, ɗaki ɗaya da falo da rufi da tagogi da daɓen siminti, sun isa a tare. Tayil, silin, fenti da fulastar waje duk ana yin su mutum na ciki, da kuɗin da da haya za su tafi.

Kafin nan, dubu 900 ɗin nan kada ka biya. Ka nemi gida mai sauƙi a Gaida ko Ja'en ko Zawaciki, ko da ya fi na yanzu matsi, ku yi haƙuri da shi. Bambancin ya tafi gini, kana kusa da aikinka kana leƙawa safe da yamma, kuma kun fara sanin unguwar kafin ku zama 'yan cikinta. Ka duba takardar hayarka, domin a ƙa'ida mai hayar shekara yana da haƙƙin a ba shi isasshen wa'adi kafin a tashe shi, sai ka yi amfani da lokacin wajen neman wani gidan cikin natsuwa.

Bashin banki da abokinka ya kawo, kashi biyu ne. Na bankunan kasuwanci ka manta da shi: da ruwan da ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari, miliyan biyar za ta haifar maka da kusan dubu 125 a wata na ruwa kaɗai, fiye da rabin albashinka. Na biyu shi ne asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda FMBN, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, ke riƙe da shi. Ma'aikaci yana zuba kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa, ya nemi rance a kan kashi 6, ya biya har tsawon shekara 30. Miliyan biyar a shekara 20 za ta kama kusan dubu 36 a wata. Da sauƙi, amma kashi 6 ɗin ma ruwa ne, kuma tunda zuciyarka ba ta kwanta ba, ba ni zan ce ka danne ta ba. Ko ba don haka ba, suna neman takardar mallaka ta gwamnati, wadda filin awon igiya ba shi da ita sai ka bi ka nema. Bankin yana da tsarin haya da ke ƙarewa da mallaka, amma a rukunin gidajen da aka riga aka gina ne, sai ka duba ko inda suke ya dace da Sharaɗa, in ba haka ba ka koma matsalar Jogana. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da TAJ da Lotus, suna da murabaha, inda za su sayi kaya su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Ka je ka tambaya, amma ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, domin halacci daban, araha daban. Abin da ya fi kusa da kai shi ne ƙungiyar tsimi da tanadi ta ma'aikata, in kamfaninku na da ita, ko rancen albashi marar ruwa daga wurin aikin. Ko wanne ka ɗauka, kada abin da za a riƙa cirewa ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinka, kuma ka ajiye shi sai lokacin rufi, inda ake buƙatar kuɗi a dunƙule.

Zancen jin nauyin sa'o'inka ba zan daɗe a kai ba. Ba ka san nawa ne cikinsu gado suka ci ba, nawa ne bashi ke bin su. Mutumin da ya tara miliyan huɗu da rabi daga albashin dubu 230 yana ciyar da mutum biyar ba shi da abin sunkuyar da kai.

Saura gwal ɗin maiɗakinka, wanda ka ambata a layi ɗaya ka wuce. Dukiyarta ce, ba ta gida ba, kuma gwal yana tashi tare da dala, wato tana sakin abin da ke ƙara daraja ne ta ba ka. Ku zauna ku tsayar da sunan kuɗin: kyauta ce, rance ne, ko tarayya? In rance ne, ku rubuta nauyin gwal ɗin da giram, ba ƙimarsa da naira ba, don ka mayar mata da irin abin da ta bayar. In tarayya ce, miliyan biyu cikin biyar da rabi ya fi kashi ɗaya cikin uku na filin, sai sunanta da kasonta su shiga cikin yarjejeniyar da lauya zai rubuta. Za ta ce haba, ai duk ɗaya ne, ni da kai. Ka ce mata ba don kai ba ne. In ka riga ta rasuwa kuma takarda sunanka kaɗai ta ɗauka, gidan gaba ɗaya gado ne, ita tumuni za ta samu, in ka ƙara aure ma su raba shi da abokiyar zamanta, miliyan biyunta kuma sai ta kawo shaida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ku sa shaidu biyu, ɗaya daga danginta, ɗaya daga naka, kowa ya riƙe kwafi, ita ma a ba ta nata ta ajiye a inda ta ga dama.

Kuma kada a kai gwal ɗin kasuwa sai binciken filin ya kammala, an tsayar da ranar biya. In binciken ya nuna matsala, ka bar wa dillalin kayansa komai daɗin bakinsa, ka ci gaba da nema a tsakanin Ja'en da Panshekara, har da kangon da mai shi ya kai linta ya gaza. Irin wannan wani lokaci ya fi fili tsirara sauƙi, in ka kawo maginin da ka yarda da shi ya tona gefen harsashin ya gani kafin ka biya. Allah ya sa albarka, ka gaida Hajiya da Maman Ilham.